Bayanin Yawaitar Jama'a da Haƙƙin Wanda Aka Riga Aka Haifa

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa bisa ni'imar zuriya, muna roƙon tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah ya yi mana muwafaƙa da ni da kai, cewa mutane sun kasu biyu a kan maganar yawan haihuwa. Wasu da sun ji an ambaci yawan jama'a sai hankalinsu ya tashi, su ce ƙasa ta cika, abinci zai gaza, lalle a hana mutane haihuwa ko da ƙarfi ne. Wasu kuwa da sun ji kalmar tazarar haihuwa sai su toshe kunne, su ce makircin Turawa ne, ai bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Idan ka lura, dukansu biyu ƙidaya suke kallo, ɗaya yana tsoronta, ɗaya yana alfahari da ita. Alhali kuwa abin da aka rataya a wuyan magidanci ya fi wannan kusa da shi, wato matar da ya ajiye da yaron da ke goye a bayanta. A kan haƙƙin waɗannan biyu nake son in tsayar da magana, amma sai mun fara sanin yadda aka yi jama'a ta yawaita, domin wanda bai san asalin abu ba hukuncinsa a kansa kame-kame ne. Shekarun da zan ambata duka na Miladiyya ne.

Masu ƙididdiga sun ƙiyasta cewa tun farkon zaman 'yan Adam adadinsu bai cika biliyan ɗaya ba, wato miliyan dubu, sai wajen 1804. Biliyan na biyu ya cika a 1927, na uku a 1960, na huɗu a 1974, sa'an nan a watan Nuwamba na 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar an kai biliyan 8. A Nijeriya ƙidayar 1963 ta ba da mutum miliyan 55 da 'yan kai, ta 1991 ta ba da kusan miliyan 89, ta 2006 ta ba da miliyan 140, yanzu kuwa ƙiyasi ya haura miliyan 200. Ba na rantsuwa a kan ƙidayar Nijeriya, domin siyasa ta sha shiga cikinta, har aka soke ta 1973 ɗungurungum. Amma wanda ya san iyakar birnin Kano a da, ya ga inda gidaje suka kai yau, ba ya bukatar takardar hukuma. Nijar kuwa ta karɓi mulkin kai a 1960 da mutum miliyan 3 da wani abu, ƙidayar 2012 ta sami miliyan 17.

To, mene ne sababi? Abin da ke fara zuwa zuciya shi ne mutanen yanzu sun fi na da haihuwa. Wannan bai isa bayani ba. Kakanninmu sun haifi da yawa, amma sun binne da yawa. Tambayi kowace tsohuwa ta ƙirga maka, za ta ce ta haifi goma, huɗu suka tsaya. Harshenmu da kansa shaida ne: da mutuwar yara ba ta zama ruwan dare ba, da ba mu da kalmar wabi, da ba a raɗa wa jariri Ajefas ko Ayashe don a nuna wa mutuwa ba a damu da shi ba. Agana tana shiga gari ta kwashe yara, wanda ya tsira ya tashi da zanzana a fuska ko makanta. Ƙyanda tana zuwa da bazara, zazzaɓin sauro da damina, gudawa ba ta da lokaci. Yunwa kuma tana biyo bayan fari, kamar Kakalaba ta 1914 wadda tsofaffin ƙasar Kano suka daɗe suna lissafin shekaru da ita.

Sai Allah ya sanar da mutane abin da ba su sani ba. Lambar agana ta game duniya har aka daina ganin cutar a Nijeriya a 1970, aka shelanta ƙarewarta daga doron ƙasa a 1980. Allurar ƙyanda ta fito a 1963. Aka gane cewa ruwan gishiri da sukari yana ceton yaron da gudawa ta tsotse. Aka sami maganin kashe ƙwayoyin cuta, da gidan sauro, da rijiyar burtsatse, da mota mai kawo hatsi daga inda aka yi albarka zuwa inda aka yi fari, da takin zamani. Dubi Nijar kawai: binciken lafiya na 1992 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa, 318 ba sa cika shekara biyar, binciken 2012 ya nuna sun sauko zuwa 127. A wannan binciken na 2012 matsakaicin haihuwar mace ɗaya ya kai 7.6. Ka ga ƙofar shigowa tana nan a buɗe yadda take, ƙofar fita ta ƙuntata. Asalin yawaitar jama'a ke nan, kuma rahama ce. Duk wanda ke magana a kan yawan mutane kamar annoba, ya tuna cewa wannan yawan yara ne waɗanda a da kabari zai karɓe su.

Akwai kuma lissafi mai sauƙi da ya kamata ka riƙe. Al'ummar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 kowace shekara tana ninkawa cikin shekara 23 ko 24. Sa'an nan fiye da kashi 40 cikin 100 na mutanen Nijeriya ba su kai shekara 15 ba, a Nijar kuwa sun kusa rabi. Iyayen gobe an riga an haife su, suna makaranta ko suna talla. Ko da kowa ya rage haihuwa daga yau, jama'a za ta ci gaba da hauhawa shekaru masu yawa.

Fasali. Akwai sababi na biyu wanda ya keɓanta da mu, kuma shi ne wanda ba a cika faɗa ba. Hausawan da suna da tazarar haihuwa tun ba su taɓa ganin likita ba. Mace ta haihu, ta yi wankan jego kwana arba'in, idan haihuwar fari ce ta tafi wankan gida ta yi watanni wurin iyayenta, ta shayar da ɗanta kusan shekara biyu, kuma a wannan tsakanin al'ada tana nisanta ta da turakar miji har sai an yi yaye. Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau wadda aka buga labarin rayuwarta a 1954, ta bayyana wannan al'ada filla-filla. Wadda ta yi ciki tana goyo ana cewa ta yi kwanika, kuma abin kunya ne gare ta da mijinta. 'Yan'uwa mata su yi mata habaici, tsofaffi su yi wa mijin faɗa. Sun lura da ido cewa yaron da aka yi wa ƙane da wuri yakan rame, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja. Sun ɗora laifin a kan nonon mai ciki, likitoci kuwa suka ce yaye ne na gaggawa da ƙarancin abinci mai gina jiki, amma cutar da suka gani gaskiya ce.

Wannan shinge ya rushe a hankali. Zaman birni a ɗaki ɗaya ya hana nisantar juna, tafiya wankan gida ta gajarce, madarar gwangwani ta rage shayarwa, malamai kuma suka bayyana, kuma gaskiya suka faɗa, cewa shari'a ba ta haramta wa miji kusantar mai shayarwa ba. Sai aka yar da al'adar, ba a ɗauki komai a madadinta ba. Yanzu kana iya ganin mace da ɗaya a ciki, ɗaya a baya, ɗaya yana jan zanenta, babu mai ɗaga ido. Abin mamaki, wanda ke cewa tazarar haihuwa baƙon abu ne, kakarsa da ta haifi ubansa ta fi matarsa samun hutu tsakanin haihuwa da haihuwa.

Shin yawan mutane talauci ne ko arziki? Malaman duniya sun yi saɓani. Wani limamin coci a Ingila mai suna Maltus ya rubuta a 1798 cewa mutane suna ƙaruwa ta hanyar ninki, abinci yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, don haka yunwa ce ƙarshe. Ibn Haldun kuwa, wanda ya rasu a 1406, ya riga shi da ganin ɗaya fuskar: inda jama'a ta yawaita, aiki da sana'o'i suna yawaita, arziki ya bunƙasa. Tarihi ya ƙaryata Maltus a wurare da dama, domin noma ya ninka fiye da zatonsa. Ko a maƙwabtanmu, manoman Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, sun riƙa barin tohon gawo da kalgo da sabara a gonakinsu suna sassabe musu, har miliyoyin itatuwa suka dawo a ƙasar da ake cewa hamada ta cinye, kuma a lokacin da mutanenta ke ƙaruwa. Kowane baki yana zuwa da hannu biyu.

Sai dai bakin yana fara aiki ranar suna, hannun kuwa sai bayan shekara goma sha biyar, kuma sai an koya masa abin yi. Maganar Ibn Haldun tana da sharaɗin adalcin masu mulki da tarbiyyar iyaye. Gonar da ta ciyar da gandu guda, an raba ta gado sau uku, yanzu rabon jika bai wuce inda zai shanya barkono ba. Uban da ya haifi ashirin ya kasa riƙe biyar, sai ya ɗora yaro ɗan shekara shida a mota da ƙoƙo da allo, ya ce ya sallama shi neman ilimi, alhali malamin da ya karɓe shi ba shi da abin ba shi. Neman ilimi ibada ne, amma ciyar da ɗa da tufatar da shi wajibi ne a kan uba, kuma wajibi ba ya faɗuwa don an canza masa suna. Haka uwa: ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu ta dalilin ciki da haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne. Hatsarin ya fi tsanani ga yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba, da wadda ta haihu sau da yawa a jere, da wadda shekarunta suka ja. Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda wani lokaci takan fito da yoyon fitsari, mijin ya sake ta, ta ƙare a Babbar Ruga ta Katsina tana jiran aiki.

Idan mai tambaya ya ce: ashe Alƙur'ani bai hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci ba? Sai mu ce: ya hana, a Suratul An'ami da Suratul Isra'i, kuma babu Musulmin da zai yi jayayya. Amma kisa yana aukuwa ne a kan wanda ya samu, wanda kuwa ba a ɗauki cikinsa ba babu shi balle a kashe shi. Da hana ɗaukar ciki kisa ne, da wanda ya jinkirta aure ma mai kisa ne. Sahabbai sun kasance suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, a zamanin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ba a haramta musu ba. Imamu Malik ya buɗe wa mas'alar babi a Muwaɗɗa, kuma mazhabarsa ta halatta shi da sharaɗin izinin matar da take 'ya. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna shi a Ihya'u, ya lissafa kiyaye lafiyar mace da tsoron shiga ƙunci saboda yawan iyali cikin niyyoyin da ba su haramta ba. A zamaninmu Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988, ta yanke cewa bai halatta hukuma ta kafa dokar iyakance 'ya'ya ba, bai halatta a kashe ikon haihuwa gaba ɗaya ba sai da larura, amma ya halatta ma'aurata su jinkirta ciki na wani lokaci idan sun yi shawara sun yarda, matuƙar hanyar ba ta da cutarwa kuma ba ta taɓa cikin da ya riga ya shiga ba. Zubar da ciki mas'ala ce daban, kuma mashhurin mazhabar Malik ya tsananta a kanta tun daga farkon shigarsa.

Idan ya sake cewa: to ina tawakkali? Sai mu ce: manomi yana da yaƙinin Allah ne mai tsirar da shuka, amma yana ba da tazara tsakanin rami da rami, kuma idan gero ya fito cunkus yakan cire wasu don sauran su yi zangarniya. Ba mu taɓa jin an kira shi mai raunin imani ba. Ran da Allah ya ƙaddara zuwansa zai zo ko an sha magani, ungozomomi sun sha gani. Riƙon sababi aikin bawa ne, zartarwa ta Ubangiji ce.

Fasali a kan hanyoyin. Ba aibi ba ne a faɗe su a sarari, domin jahiltarsu ne ke kai mata ga haɗiyar 'ya'yan zurma, waɗanda ke da dafi, ko ɗaura guru da ba ya hana komai. Mafi daɗewa ita ce shayarwa, kuma tana da sharuɗɗa uku: jariri bai wuce wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada ba ta dawo ba. Idan ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi. Azalu da ƙirgar kwanaki ba su bukatar kuɗi, amma kuskure yana da yawa a cikinsu. Cikin mata 100 da mazansu ke azalu, kimanin 20 sukan yi ciki a shekara. Kwaroron roba ya fi su, kuma shi kaɗai ne ke kare cututtukan saduwa. Ƙwayar sha, wadda aka fara yarda da ita a Amurka a 1960, tana hana ƙwan mace fitowa, sai dai tana son a sha kullum ba fashi, kuma akwai irin da bai dace da mai hawan jini ko sabuwar mai jego ba, don haka ba abin saya a hannun mai tallan magani ba ce. Allura tana riƙe wata 3. Ashanar da ake sawa a ƙarƙashin fatar dantse tana riƙe shekara 3 zuwa 5, robar da ake sawa a mahaifa mai jan ƙarfe tana kai shekara 10. Waɗannan biyu kuskurensu bai kai ɗaya cikin 100 ba, kuma da an cire su haihuwa tana dawowa. Ɗaure hanyar ƙwai ga mace ko hanyar maniyyi ga namiji shi ne wanda ba a cika warwarewa ba, shi ne kuma malamai suka taƙaita ga larura.

Kada a ɓoye illa. Allura da ashana sukan rikita jinin al'ada, ya ɗauke ko ya yi ta ɗigowa, kuma bayan barin allura ciki yakan yi jinkiri watanni, wani lokaci har shekara. Ma'aikacin asibiti yana ganin ɗigon jini ƙaramin abu ne, amma ga mace mai salla da azumi babban abu ne, domin tana bukatar ta san ina haila ta tsaya ina istihala ta fara. A nan malamai suna da aikin da ba su gama yi ba. Mata da yawa sun bar magani mai amfani gare su don ba su sami wanda zai warware musu hukuncin tsarki ba, kuma kunya ta hana su tambaya.

Game da zargin da mutanenmu ke yi, ba zan ce ba shi da tushe ba. A Indiya, lokacin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandi daga 1975 zuwa 1977, an yi wa miliyoyin mutane aikin hana haihuwa, da yawansu talakawa ne da aka tilasta, kuma jama'a suka kayar da ita a zaɓen 1977. Ƙasar Sin ta ɗora dokar ɗa ɗaya daga 1980 zuwa 2015, aka zubar da cikin mata da ƙarfi, aka wayi gari maza sun rinjayi mata yawa. Daga baya ta halatta biyu, ta halatta uku a 2021, amma a 2022 adadin mutanenta ya fara raguwa, yanzu lallashin matasa take yi su haihu. A gida kuma mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a 1996 ba, shari'ar da ta ƙare da sulhu da biyan diyya a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ita ma manufar gwamnatin Nijeriya ta 1988 mai shawartar 'ya'ya huɗu ga kowace mace, ba ta shiga zukata ba, domin daga sama aka jefo ta. Masu barkwanci suka ce mai mata huɗu ya sami goma sha shida. Duk wannan hujja ce a kan tilas da yaudara. Amma zaluncin da aka yi wa talakan Indiya ba ya zama uzuri ga mijin da likita ya ce masa matarsa ba ta da jini, ya juya baya. Bangaladash ƙasar Musulmi ce, mata ma'aikatan lafiya suka riƙa bin gida-gida suna bayani, 'yan mata suka shiga makaranta, haihuwar mace ta sauko daga sama da 6 a shekarun 1970 zuwa kusa da 2. Ko a Nijeriya binciken 2018 ya sami 5.3, na 2023 zuwa 2024 ya sami 4.8, ba tare da an kama kowa ba.

Saura mas'ala mai wuya, wadda ke faruwa a gidaje kullum. Malamai sun sharɗanta yardar ma'aurata biyu, kuma suka ba mace haƙƙi a cikin zuriya, har suka hana miji azalu ba da izininta ba. To, idan ita ce ke neman hutu shi kuwa ya ƙi fa? Sau da yawa ƙin nasa ba na addini ba ne: gori yake tsoro a majalisa, ko kishiyoyi ne ke tseren haihuwa saboda gado shi kuma yana jin daɗin tseren. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki, adadin da ya yi daidai da cikakkiyar shayarwar da Alƙur'ani ya ambata. Mijin da ya hana matarsa wannan gwargwado ya hana ta abin da kakarsa ta samu kyauta. Ban ga dacewar mace ta yi a ɓoye ba matuƙar akwai hanyar magana, domin ɓoyo yana cin amanar aure, kuma ranar da ya tonu yakan kai ga saki. Ta sa waliyyinta ko uwar mijin ko limamin unguwa su zaunar da shi. Amma idan likita amintacce, masanin aikinsa, ya tabbatar cewa wani ciki zai iya halaka ta, kamar mai ciwon zuciya ko wadda aka yi wa fiɗa sau da yawa har mahaifarta ta yi rauni, to magana ta fita daga babin yarda ta shiga babin kiyaye rai. A nan miji ba shi da haƙƙin hanawa, kuma idan ya dage, waliyyinta ya kai ƙara gaban alƙali da takardar likita a hannunsa.